Allon Kushewar Gumsu

Ranar da Kolo ya dawo Haɗeja, shekararsa goma sha tara ke nan da mutuwa. An yi masa sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, an raba gumba har ta ishi unguwa. Don haka da ya yi sallama a ƙofar gidan ƙanensa Gana, da ransa da lafiyarsa da akwatin katako a ka, an yi murna, amma an ɗan rasa inda za a ajiye shi.

Mahara ne suka kama shi a fadama yana yankan shinkafa, matarsa Gumsu na da ciki wata bakwai. Aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, inda wani jirgin Ingilishi ya ƙwace bayin ya sauke su a ƙasar Saliyo. Can ya koyi sassaƙa, ya koyi karatu daga hagu zuwa dama, ya kuma karɓi addinin masu bin Almasihu. Wannan na ƙarshen shi ne ya shiga tsakanin Haladu da tuwonsa.

Haladu masunci ne, ɗan Malam Umara limamin unguwa. Shi aka sa wa rana da Mairam, 'yar da Gumsu ta haifa bayan an kama Kolo, ta rasu ta bar ta tana shekara bakwai. Yana tsakar gida da hantsi yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi, Malam ya shigo ya zauna a buzu.

"A jinkirta maganar auren nan," in ji Malam.

Allurar ta tsaya a hannun Haladu. "Har yaushe, Malam?"

"Har baƙon ya koma inda ya fito. Jiya a bakin kasuwa ya tare mai gishiri yana karanta masa Linjila. In zancen ya kai kunnen alƙali, ba aure za a ɗaura ba. Mafita ɗaya ce: Mairam ta ce ubanta ya rasu kamar yadda kowa ya sani, Gana ya yi mata walicci, shi kuma ya bi fatake ya koma ta Lokoja, hanyar da ya biyo."

"Amma Malam, ai kaciyarku ɗaya da shi..."

"Kaciyata ɗaya da Kolo. Wannan ban san shi ba."

Malam ya miƙe ya fita. Haladu ya lura ya bar carbinsa a kan buzu, abin da bai taɓa yi ba.

Da la'asar ya tafi gidan Gana. Ya tarar da Mairam a gindin ɗinya tana sheƙar shinkafa, idanunta sun yi jawur. Ya faɗa mata saƙon, yana tauna kowace kalma kamar mai cin kifi mai ƙaya.

Ta ajiye faifai. "Wato in binne shi karo na biyu?"

"Ni ba haka na ce ba."

"Kai ba ka ce komai ba, Haladu, shi ne damuwar." Hawaye suka zubo mata. "Da safe Baba ya riƙe hannuna yana kuka, wai yana tsoron ranar tashi ya duba bai gan ni ba. Baffa Gana kuma na kuka wai Baba ya sayi wuta da kuɗinsa. Kowa a gidan nan kukan lahirar wani yake yi. Ba wanda ya tambaye ni ko na karya kumallo."

"Kin karya?"

Dariya ta kuɓuce mata cikin kukan. "Tafi can! Ka ji, ina son ka, ba na ɓoyewa. Sallata kuma ba zan bari ba, na faɗa wa Baba. Amma shekara goma sha tara ina kiran kaina marainiya, ba zan ƙara da bakina ba. In auren sai da haka, zan jira."

Daga zaure ana jin ƙarar sassaƙa. Mairam ta ce allo ne mahaifinta ke yi, da sunan Gumsu a jiki, don a Saliyo haka ake kafa wa mamaci. Sai dai bai san kushewar ba. Mata ba sa zuwa maƙabarta, Gana kuwa yana fatauci aka yi rasuwar, kuma cikin waɗanda suka binne ta mutum ɗaya ya rage.

"Malam," in ji Haladu.

"Malam. Ruwa ya kewaye tudun maƙabarta, sai da jirgi. Kai kuma kana da jirgi." Ta ɗauki faifanta. "Ka zuba su ciki su biyu. Ba wanda zai iya yin fushi ya fice."

Malam bai ƙi ba, don nuna wa mutum kushewar matarsa hakki ne, shi kuwa ba ya wasa da hakki. Washegari da safe ya zauna a goshin kwalekwale, Kolo a tsakiya rungume da allonsa, Haladu a baya yana tura gora. Kogi ya cika ya malale fadama, shinkafa sai kawunanta ake gani.

Sai da suka yi nisa sannan Malam ya yi magana ba tare da ya waiwayo ba.

"Wannan katakon fa?"

"Sunanta ne. Don a san inda take."

"Wa zai sani? Mala'iku ba sa ɓatan hanya."

"Umara, har yanzu bakinka bai mutu ba."

"Kai ne ka mutu, ni ina nan."

Kolo ya yi murmushi, ya gyara zama. Dama yake jira. "To ka saurare ni. An biya mana bashin zunubi, Umara, kyauta, ba da aikinmu ba. Wanda ya ba da gaskiya ga Almasihu..."

"Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, na san shi tun kana kama fara. Wanda ya bar shahada bayan ya riƙe ta, kai ma ka san masaukinsa."

"Ni ma an faɗa mini naka masaukin."

"To madalla. Ashe dai kowa ya yi wa ɗan'uwansa shimfiɗa."

Haladu ya ci gaba da tura jirgi, yana ji a ransa aurensa na nitsewa taku ɗaya-ɗaya.

A kan tudun kushewu duk iri ɗaya ne, tarin ƙasa da fasasshiyar tukunya. Amma Malam bai yi dube-dube ba, ya miƙe kai tsaye gefen gabas, inda ruwa ke lasar tudun. Kushewa ɗaya ce a wurin aka kewaye da jinga, ƙasa bisa ƙasa, tsohuwa da sabuwa.

"Wa ya yi wannan?" in ji Kolo.

"Wani mara aikin yi. Duk shekara kafin ruwa," in ji Malam.

Kolo ya durƙusa. Ya dafa jingar. "Malaminmu na can ya ce wanda bai karɓa ba ya hallaka. Na tambaye shi, har da Gumsu? Ya yi shiru. Tun daga Saliyo nake ɗauke da shirun nan."

"Malaminku ya taɓa cin tuwon Gumsu?"

"A'a."

"To bai san ta ba. Da kalmar shahada ta cika, ina wurin."

Haladu ne ya fara gani: ruwa ya huda jingar ta ƙasa, yana tsiyaya zuwa kushewar. Ya yi tsalle ya toshe da hannu, amma laka na narkewa, ramin na faɗaɗa. Malam ya tattare riga yana ɗibar ƙasa, ruwa na tafiya da ita. Babu itace a tudun, babu dutse.

Kolo ya dubi allonsa, aikin kwana shida. Ya ɗaga shi ya kafa a bakin ramin, rubutun na fuskantar kushewa, ya danna da ƙafa. Su uku suka yi ta lafta laka gabansa da bayansa har sunan ya ɓace, ruwan ya tsaya.

Suka zauna suna haki, limami da mai wa'azi, laka har gemu.

"Ka ga," in ji Malam, "yanzu ya yi amfani."

"Ita dai za ta karanta."

"Ba ta iya karatunku ba." Malam ya share fuska, ya ƙara ɓata ta. "Kolo, shekara goma sha tara ina sa ka a addu'a bayan kowace asuba. Da ka dawo haka na so in janye, na duba littattafai ban ga yadda ake yi ba."

"Ni ma ina sa ka."

"Na ji, kowa ya riƙe tasa. Walicci dai shari'a ta hana ka, Gana zai yi. Amma ban ga inda ta hana ka zama uba ba. Wa'azi kuma ka bar mai gishiri ya sayar da gishirinsa. In ya cika maka ciki ka zo zaurena ka juye, ni ina da amsa."

Sai ya juya ga ɗansa. "Kai kuma me kake wa dariya? Ɗauko gora."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Gana ya yi walicci, Kolo ya sassaƙa wa amarya gado da turmi, shi ya kuma riƙe hannunta har ƙofar gida ranar kai ta. Mairam ta yi kuka irin na amare, amma wannan karon ta karya kumallo.

Shekara goma sha ɗaya tsofaffin nan suka yi suna muhawara a zaure kullum bayan la'asar, ba wanda ya matsa ko taku ɗaya. Wanda ya fi gaskiya, yanzu su biyun sun sani, sai dai ba wanda ya aiko da labari.

Ku kuma yara, ga abin ɗauka: Mairam ba ta sayar da sallarta don uba ba, ba ta sayar da uba don miji ba, ta yi haƙuri ta tashi da duka ukun. Hukuncin lahira yana da Mai shi, kuma bai nemi mataimaki ba. Abin da aka bar mana shi ne jingar da ke gabanmu: in ta ɓalle, a toshe ta tare.