Rautar da Kalilu Ya Rataya a Tsamiya

Kalilu ya sayo rautar, na'urar nan ta kamo intanet, a wani shago a Birnin Kebbi, irin mai arhar nan da mai shago ke rantsuwa tana ratsa bango bakwai. Da ya kai ta garinsu Gulma, ko labulen ɗaki ba ta ratsa ba. Ta yi zafi, ta yi ja, ta suma, ta farfaɗo in ta ga dama.

Ba don kallon ƙwallo ya saye ta ba. Mahaifiyarsa, Inna Riskuwa, tana kwance tun yankan shinkafa, kuma abu ɗaya take roƙo: ta ji muryar autanta Abbas da ke aiki a Jidda, wanda ba ya samun sukunin kira sai ana magariba a nan.

Kalilu ya zagaye gida da rauta a ka kamar mai tallan fura. Wuri ɗaya fitilarta ta yi kore: jikin tsohuwar tsamiyar bayan gida, wadda ko akuya ba a ɗaurewa a gindinta. Ya kafa tsani, ya buga ƙusa, ya rataye rauta da batirinta. Ko bisimilla bai yi ba, hankalinsa na kan fitila.

Ladan na ɗaga murya da kiran magariba, kwaɗin fadama suka yi tsit. Yana kan tsani wayarsa ta yi ƙara. Abbas ne, murya tas, babu yankewa. Wanda ya san rautar nan, wannan kaɗai ya isa ya tsorata shi.

"Yaya, hiddo min Inna. Nan gindin icce."

Kalilu kuwa bai taɓa yi masa zancen icce ba.

Ƙauri ya taso, na ƙonanniyar waya da jiƙaƙƙen gashi. Ya ɗaga kai. Igiyar da ke haɗa rauta da batiri na reto, ba ta jone da komai. Fitilu kuwa kore shar.

Ya kashe wayar. Muryar ta ci gaba, daga cikin rassa.

Sai jan takalmi. Inna ce, wadda sai an tallabe ta take zama, tana tahowa da ƙafarta tana murmushi.

Ya buɗe baki zai ce ta koma. Muryarsa ba ta fito ba.

Hannunsa ya manne da reshe. Reshen da ɗumi. Reshen na numfashi.

Ayatul Kursiyyu ta kakare masa a rabi. Ya sake daga farko. Tsani ya zame, ya faɗo, ya sungumi tsohuwa ya ruga, ana huci a ƙeyarsa har bakin ƙofa.

Washegari ya kai Inna gidan ƙanwarsa Nazifa a Gwadangaji, inda sabis ke cika waya. A nan Abbas ya kira, ya rantse jiya yana bakin aiki, ko waya bai taɓa ba. Aka kara wa Inna a kunne. Ta saurare shi har ya gaji da gaisuwa, sannan ta miƙa wa Kalilu wayar.

"Wanga ba Abbas ba na. Ku maishe ni gida, shina jira na."