Furera Biyu a Fishiye Ɗaya

Ranar da Rayyanu ya fara ganin Furera, ta shigo ofishin ƙungiyarsu na Tasawa ne da kile, ɗan abin ajiyar bayanan ordinatar, a damƙe a hannu, fuskarta cike da damuwa. Wata bakwai ta yi tana bin tsofaffin Tchaké, garinsu, tana rubuta wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya shayar da wa. Duk ta zuba su cikin taswira a ordinatar, kowane suna da zaren da ya ɗaure shi da wani. Yanzu an ce a mayar da aikin cikin sabuwar manhaja.

"Ba zai ɓace ba ko?" ta tambayi Rayyanu, wanda aka ba aikin mayarwar.

"Kwantar da hankalinki. Za mu fitar da shi a CSV, wato layi-layi, waƙafi na raba suna da suna, sai sabuwar ta karɓa."

Aikin minti goma ne, amma ya ja shi har la'asar. Daga ranar saƙo bai yanke tsakaninsu ba.

"Furena, yau na wuce tashar Mayahi, inda motocin garinku ke sauka, na tsaya ina duba motoci kamar mai jiran baƙo."

"Yaya Rayyanu, ka bar tsayuwa a rana. Baƙuwar ta riga ta sauka a zuciyarka."

Bayan girbi magabatansa suka je wurin mahaifinta, Malam Danda. Aka sa rana. Sai ga Moctar, ɗan baffanta wanda ya daɗe yana neman ta bai samu fuska ba, ya buga taswirar a takarda don taron ƙungiya. Bai kai ta taro ba, zauren Malam Danda ya kai ta. Ga zare nan ɓaro-ɓaro: Asiya, marigayiya mahaifiyar Rayyanu, wadda ita ma 'yar Tchaké ce, ta shayar da Furera.

Malam Danda ya bi zaren da ido. Mahaifiyar Furera ta rasu kwana tara da haihuwarta, shi kuma yana ci-rani a lokacin, matan unguwa suka riƙe jaririyar. Bai san wa da wa suka ba ta nono ba. Sai ya kira Furera.

"Ke kika rubuta wannan da hannunki?"

"Baba, ni na tattara, amma ban tuna wannan ba."

"To, ba zan aura miki ɗan'uwanki na shayarwa ba. An fasa."

Kwana uku abinci bai wuce mata ba. Ta rubuta wa Rayyanu:

"Ina kiran ka Yaya don ƙauna, ashe bakina ne ya ja mana? In gaskiya ne, ka yi mini addu'ar haƙuri."

Rayyanu ya karanta. Ya buɗe fishiyen, wato jerin sunayen da ya fitar a CSV, ya bi shi layi-layi, sama da dubu biyu, yana tsoron abin da zai tarar. A tsohuwar taswira Furera biyu ce: "Furera, ɗiyar Danda" da "Furera, ɗiyar Na Allah". Waƙafin da ke tsakiyar sunan ya sa manhajar ta datse shi biyu, ta watsar da sunan uba, ta haɗe su mutum ɗaya. Shi ne bai kulle sunayen cikin alamar zance ba ranar da ya fitar da su, hankalinsa yana kan Furera.

Ya hau moto, bai tsaya ba sai ƙofar Malam Danda. Ya durƙusa.

"Baba, laifina ne. Na'ura ta haɗa ɗiyarku da wata."

"Na'ura ta ce e, na'ura ta ce a'a. Da wanne zan tsaya gaban Allah? Kawo mini mai rai."

Furera ta ce duk zancen shayarwa daga bakin Iya Hindu, tsohuwar ungozoma, ta ji shi. Su uku suka tafi gidanta, Moctar na biye a baya. Tsohuwar ba ta ji sosai, sai da aka maimaita tambayar. Sannan ta dubi Furera, ta ce:

"Asiya? Ai ta Na Allah ta shayar, wadda ke aure a Korgom. Lokacin da aka haifi wannan, Asiya ta shekara biyu a Tasawa. Wannan kuwa Kubra ce ta ba ta nono, ni na kai ta da hannuna."

Furera ta fashe da kuka. Malam Danda bai tsaya nan ba, sai da ya aika Korgom aka tabbatar. Moctar ya zo da kansa ya ba da haƙuri, ya ce abin da ya gani a takarda ya kai.

Ranar Asabar bayan azahar aka ɗaura auren Rayyanu da Furera a ƙofar gidan Malam Danda. Da aka zo tafiya da amarya, mahaifinta ya dafa kanta.

"Uwarki ba ta ga wannan rana ba, ni na gan ta a madadinta. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi.