Faifan Kamun Fatiha

Ango ne ya kawo ƙara da kansa. Sunansa Abdulrasheed, idonsa jawur. Bidiyon kamun amaryarsa Fatiha, taron mata zalla, kowacce kai ba ɗankwali, ga shi yana yawo a wayoyin samarin unguwar Manawashi. 'Yan'uwansa har sun kewaye shagon Hilda, matar da ta ɗauki bidiyon bikin.

Sufeto Bakari ya sa aka ɗauko ta kafin wani ya ɗaga hannu.

"Faifai nawa kika buga?"

"Ɗaya, yallaɓai. Yana wurin amarya, ko ledarsa ba ta yage ba."

"To daga sama ya faɗo?"

Ya buga tebur.

"Akwai kwafi a kwamfutata," ta ce. "Nakan kwafe faifan gaba ɗayansa ya zama fayil guda. Hoton faifai muke ce masa."

"Sai an mayar da shi kan faifai ake kallo?"

"A'a. Danna shi kawai za ka yi sau biyu, kwamfuta ta ɗauka an saka mata faifai."

"Wa ya taɓa kwamfutar bayan ke?"

"Ba kowa. Sai dai Ja'afaru mai gyara, a Kagarawal. Kwamfutar ta kwana a wurinsa bayan bikin."

DPO ya ce in ba a samo wani ba, gobe Hilda za ta kotu. Sufeto ya ɗauki hularsa.

Ya tarar da Ja'afaru a shago yana shan rake. Da ya ga furfurar Sufeto sai ya saki jiki.

"Baba, sannu da zuwa. Waya ce ta lalace?"

"Ka san Fatiha?"

"Wace Fatiha? Fatihohi ai sun yi yawa a Gombe."

"Ka ga fayil ɗin bikinta a kwamfutar Hilda?"

"Ko na gani, Baba, me zan yi da shi? Irin wannan sai an buga shi a faifai yake buɗuwa. Ga tawa, duba da kyau. Ko bakin saka faifai ba ta da shi."

Ya juya ta ta kowane gefe yana dariya. Gaskiya ne, babu.

Sufeto bai yi dariya ba. Ya riga ya ji ƙarya ɗaya.

"Kunna ta."

"Ai ba na kashe ta. Tsohuwa ce, in ta mutu tashinta aiki ne. Rufewa kawai nake yi."

Ja'afaru ya ɗaga murfin, allon ya kawo haske.

"Nuna mini inda take lissafa abin da ke cikinta."

Ja'afaru ya danna. Hannunsa ya tsaya cak.

Can gefe ga alamar faifai, zagayayye, kamar yanzu aka saka shi. A ƙasansa an rubuta KAMUN FATIHA.

"Ka ce ba ta da baki," in ji Sufeto. "Ta ina ta haɗiye wannan?"

Raken ya faɗi ƙasa.

"Baba, wallahi..."

"Ni ba babanka ba ne."

Ja'afaru ya sunkuyar da kai. "Ni na fara nemanta. Ta ce ba ta auren mai gyara. So nake angon ya gani ya sake ta."

"Ka bar wata tana shirin kwana a sel saboda kai."

Kofur ɗin da ya rako Sufeto ya sa masa ankwa. Sufeto ya ɗauki kwamfutar da kansa, a buɗe, ya rungume ta har mota.

"Kada wanda ya kashe ta," ya ce. "In ta mutu, alamar nan za ta ɓace. Ku kira ofis, a sallami Hilda."