Yatsun Ɗiyar Mahauta

"Fita mini daga gida!"

Gwaggo ta tare ƙofa da muciya a hannu, idonta jajur.

"Gwaggo, don Allah ki bari na gan shi..."

"Ki gan shi ki yi masa me? Ki yanka? Ɗiyar mahauta!"

Daga ɗaki ina jin nishin Muttaƙa, masoyina, wanda Gwaggon ta rene shi tun yana maraya. Kwana uku ke nan da buhun gyaɗa ya suɓuce daga kamiyo, babbar motar kaya, a Magariya ya danne masa ƙafa. Lokotoron Nasara ya duba ya ce ƙashi bai karye ba, amma in kumburin bai saɓe cikin kwana bakwai ba, sai an yanke ƙafar. Aka ɗauko shi a jaki aka dawo da shi Dungas.

Na buɗe ƙwaryar da na riƙo.

"Ɗanyar gwanda ce da ganyenta, Gwaggo. Da ita Baba ke tausasa naman tsohon sa, kuma in ya buge hannu ita yake ɗaurawa, kumburin ya..."

"La'ilaha illallahu! Ɗan nawa ne naman tsohon sa?"

Ta watsar da ƙwaryar da ƙafa.

Ina tsince ganyen a bayan danga ina kuka sai ga Ƙande, ɗiyar Gwaggo, wadda aka daɗe ana son a liƙa wa Muttaƙa. Murya ƙasa-ƙasa, wai ita mai tausayi.

"Haba Ɗela, daina kuka. Ki riƙa haɗawa kina kawowa nan, ni zan kai masa."

Na san Ƙande sarai. Ko ruwa ba ta ba mutum don Allah. Amma ƙafarsa nake so ta tsira, sai na yarda.

Kullum da hantsi nakan tsaga ɗanyar gwanda, na tatsi farin ruwanta, na daka ganye na ɗaurawa, na yanyanka kaɗan a kunun da zai sha, na kai wa Ƙande. Ruwan nan mugu ne, cin fata yake yi. Kafin kwana huɗu yatsuna sun ɗaɗɗaye, ko gishiri ba na iya taɓawa. Muttaƙa ya san wannan, don ya sha tsokana ta a kai duk ranar kasuwar da na taya Baba aiki.

Ran na takwas labari ya cika gari: lokotoro ya ce ƙafa ta tsira!

Na yi sujada a tsakar gida. Ban ɗago ba aka kawo mini sauran labarin. Wai Ƙande ce ta samo maganin, Gwaggo ta ce tukwicinta shi ne ya aure ta, har an sa mata lalle.

Raina ya ɓaci, ko mayafin kirki ban tsaya ɗauka ba.

Na same su cike da tsakar gidan Gwaggo, Muttaƙa yana zaune a tabarma, ya rame, sanda a gefensa.

"Kin dawo?" in ji Gwaggo. "Mayya! Da yana kwance ina kike?"

"Tambayi ɗiyarki."

"Ni?" Ƙande ta dafe ƙirji. "Yaushe rabon da na gan ki? Kullum ni ke tatsar gwandar nan da hannuna, Yaya, wallahi!"

Muttaƙa bai dube ni ba. Wannan ya fi zagin Gwaggo ciwo.

"Da hannunki, Ƙande?" ya ce a hankali.

"Da hannuna!"

"Miƙo na gani."

Ta miƙa tana murmushi. Sumul, lalle ya kama ja.

"Ɗela... naki fa?"

Na ɓoye su a bayan zane. Kunya ta kama ni, ban san dalili ba.

"Ɗelata, don Allah."

Na miƙa. Ya daɗe yana kallon yatsun, hawaye na bin kuncinsa.

"Tun ranar farko na ji warin gwanda zuciyata ta ba ni ke ce, farin cikina. Aka rantse mini ko leƙowa ba ki yi ba."

Ya dogara sanda ya miƙe.

"Gwaggo, ki gafarce ni. Da ƙafar da ta ceto zan taka zuwa gidan ubanta."

"Je ka!" ta daka masa tsawa. "Amma muddin ina numfashi, abin da hannun mahauta ya taɓa ba zai shiga bakina ba!"

Bayan kaka aka ɗaura aure. Gwaggo ba ta zo ba.

Shekara tara ke nan. Har yau in na gaishe ta kai take kawarwa. Sai dai haƙoranta sun zube, naman kowa ya gagare ta. Duk ranar kasuwa nakan naɗe tsoka a ganyen gwanda, na dafa, Muttaƙa ya kai mata.

Ba ta taɓa tambayar wa ya dafa ba. Akushin kuwa a wanke yake dawowa.