Kunne Ɗaya Nawa, Ɗaya Nasa

"Ungozoma ce ta kashe shi."

Haka Sa'adiyya ta faɗa tana ninke leshi a shagon yayana, Yaya Kamal, da ke Bur Dubai, ko kallona ba ta yi ba.

Na ce wa aka kashe?

"Sarkin pawa mana, na littafinku. Ai ni da Illa mun ƙarasa shi jiya a abra... kunne ɗaya nawa, ɗaya nasa."

Na ajiye almakashi a hankali. Ni Muhsinat ba na kuka a gaban mutane, balle a gaban wadda muke aiki tare.

Illa ɗan Tawa ne ta Nijar, yana ɗaure kwalayen kago, kayan da ake turawa gida, a Al Ras. Kullum bayan la'asar yakan zo ɗaukar kayan shagonmu, ni kuma in bi shi da takardar sunayen masu kaya, mu haye ruwa a ƙaramin jirgin nan da ake kira abra. A nan muka saba jin littafi a wayarsa, kowa da iyafis ɗaya a kunne, irin marar waya, shi a can ni a nan.

Ƙauyen labarin bai fi gida arba'in ba. Kowa ya san kakan kowa, kowa na gaida kowa da asuba, kuma ɗayansu ne ya tura sarkin pawa rijiya. Matar da ke karantawa muryarta sak ta gwaggona, wani lokaci har zakara kake ji yana cara a bayanta. A garin da maƙwabcinka bai san sunanka ba, wallahi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Babi ɗaya a rana, kuma babu mai wuce wani. Alkawarinmu ke nan.

Muna babi na goma sha tara. Ranar Juma'a Illa zai tafi gida, amsata kawai yake jira ya tura manyansa Kano. Yaya Kamal dama ba ya so, wai duk samarin Dubai na rasa sai mai ɗaure kwali. Da ya ji zancen Sa'adiyya har da hamdala, ya ce mutumin da ya kasa riƙe alkawarin tatsuniya ina zai riƙe mace.

Na toshe lambar Illa. Idan ya zo ɗaukar kaya in shige sito.

Kwana shida.

Ranar Alhamis bayan azahar haushi ya ci ni, na ce me nake jira? Na nemo littafin a wayata, na zauna kan dilar atamfa na ƙara masa sauri, na ji sauran babi biyar ni kaɗai.

Ba ungozoma ba ce.

Baiwar Allah tana wani ƙauyen ma tana karɓar haihuwa.

Sai a lokacin kaina ya kawo wuta. Ni da bakina nake zargin ungozomar nan a shago kullum, Sa'adiyya tana ninki tana ji. Maganata ta ɗauka ta mayar mini, ni kuma na haɗiye. Littafi nawa na saurara, a kowanne wanda ya fara kawo labari shi ake fara bincika, amma da aka zo kaina ko tambaya ɗaya ban yi ba.

Na ɗauki mayafina na fita.

Na same shi a tashar abra da kwalaye uku, ya rame. Bai tambaye ni dalili ba, wayarsa kawai ya miƙo mini. Babi na goma sha tara, minti na huɗu, inda muka tsaya.

"Ma chérie, masoyiyata, kwana shida ina son in san wanda ya kashe mutumin nan."

Kunya ta rufe ni. Na faɗa masa komai, har abin da na yi a sito.

Ya loda kwalayensa muka shiga, jirgi ya tashi.

"Kin ji har ƙarshe?"

"Har ƙarshe... ni ce na karya alkawari, Illa. Ka yafe mini."

Ya daɗe yana kallon ruwa. Tsoro ya kama ni sosai, don na san ina son sa, kuma gobe Juma'a.

Sannan ya ciro iyafis ɗaya ya ajiye a kan kwalin da ke tsakaninmu.

"Bon, shi ke nan. Kada ki gaya mini."

Na ɗauka na sa. Na ce ya turo manyansa.

Muna tsakiyar ruwa ya ce shi fa ladan yake zargi. Na gyara mayafi na yi kamar ban ji ba.

Yaya Kamal ya yi fushin wata biyu, ranar ɗaurin aure kuma shi ya raba goro. Sa'adiyya ta koma wani shago a Al Rigga. Babi na ƙarshe Illa ya ƙi ji sai ranar da na tare, wata huɗu ina riƙe da sunan nan a bakina.

Ku ma ba zan faɗa muku ba.