Ranar da Dogo Ya Fasa Sauka

A asibitin sansani suka haɗu, ranar da aka turo ɗaliban tuƙin jirgin yaƙi gwajin ido. Ita ce nas ɗin da ta rufe wa Dogo ido ɗaya. Da ɗayan ya kalle ta, shi ke nan ya faɗa tarkon sonta.

Sai dai mahaifinta ne malaminsu, mutum mai zafin zuciya.

"Ba na ba ɗalibin jirgi 'yata," in ji shi. "Na gaji da kai wa matan mutane gaisuwar mutuwa."

Ga kuma wani ɗan ajinsu, Mai Sa'a, yana ta zarya a ƙofar gidan malamin yana neman ta ba kunya.

Ranar da kowa zai fara tashi shi kaɗai, iska ta taso ta gefe. Mai Sa'a ya danno jirgi da ƙarfi, ya daki ƙasa, ya yi tsalle, ya tsaya da ƙyar. Aka yi ta tafi. Dogo kuwa taya ta kusa taɓa ƙasa sai ya ƙara wuta, ya koma sama, ya zagayo, sannan ya sauka lafiya. 'Yan ajin suka yi masa ihun matsoraci.

Cikin baƙin ciki ya tura mata saƙo: "Ki auri Mai Sa'a. Kowa ya ga tsorona."

Ranta ya ɓaci, ta mayar: "Ni tsaraba ce da za ka miƙa wa wani? Tsuntsuna, ka zo gidanmu yanzu, ko in zo in same ka."

Ya zo. Ya tarar tana ɗaki ta kasa zama, mahaifinta na tsakar gida fuska a murtuke.

"Wa ya ce ka fasa sauka?" in ji mahaifin.

"Babu kowa, ranka ya daɗe. Jirgin ya karkace. In kora ce, a kore ni."

"Kora? Wancan sakaran na dakatar! Sa'a ce ta sauke shi, ba hannunsa ba, kuma ba kullum take zuwa aiki ba." Ya ja tsaki. "Kai ka gwammace a yi maka dariya da a yi maka jana'iza. Turo magabatanka."

Ranar da aka kai amarya, tsohon ya dafa kanta. "Allah ya yi muku albarka. Allah ya riƙa dawo miki da shi."

Da aka watse, ta harari angon.

"Ka ƙara turo mini irin saƙon nan, ka gani."