Minti Goma Cif

A unguwar Kurudu akwai wata yarinya 'yar aji shida a firamare. Duk wanda ya tambaye ta me take so ta zama, amsarta ɗaya ce.

"Koci!"

Koci Christina ce ta sa mata wannan buri. Ita Christina a da tumatir take sayarwa a kasuwar Gudu, kafin ta koyi karate. Yanzu kullum da safe tana zuwa unguwar Maitama ta koya wa mata motsa jiki. Ranar Asabar kuma ta tara yaran Kurudu a filin makaranta ta koya musu karate. Da wannan sana'a take ci take sha.

Yarinyar nan kuwa akwai ƙwazo. Idan ta ɗaga ƙafa, kai, har sai ta wuce kanta!

Wata Asabar Koci Christina ta kira ta gefe.

"Gasa ta matso," in ji ta. "Zan tsaya da manyan yara a can ƙarshen fili. Ke ki riƙe mini ƙananan."

Sai ta cire usur daga wuyanta, ta rataya wa yarinyar.

"Ku fara da ɗumama jiki. Gudu a hankali, tsalle, miƙa ƙafa. Minti goma cif. Kin ji ko?"

"Na ji, Koci."

Daɗi kamar ya kashe ta. Ga usur a wuya, ga 'yan ajinsu sun tsaya a bakin fili suna kallo. Amma wa zai tafa wa mutum don ya sa yara gudu a hankali? Minti biyu kacal aka yi, ta busa usur.

"Ya isa! Ku zo in koya muku babban shuri."

Lukmanu, ɗan shekara bakwai, ya ɗaga hannu.

"Anti, ai ba mu gama ba."

"Kai, yau ni ce koci. Yi yadda na yi."

Ta wurga ƙafa sama. 'Yan ajinsu suka yi tafi. Lukmanu ma ya dage iya ƙarfinsa ya wurga tasa. Sai ga shi a ƙasa, ya riƙe cinya.

"Wayyo ƙafata! Wayyo!"

Koci Christina ta rugo a guje, ta ɗauke shi sai asibiti. Likita ya ce jijiyar cinya ce ta ji rauni, sai ya huta mako uku. Maman Lukmanu ta fusata ƙwarai.

"Shi da karate har abada," in ji ta.

Da suka dawo, Koci ta dubi yarinyar.

"Minti nawa kuka yi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. "Biyu."

Koci ba ta yi faɗa ba. Hannu kawai ta miƙa, ta karɓi usur ɗinta. Wannan ya fi wa yarinyar duka zafi.

A gida ta yi ta kuka, ta ƙi cin abinci. Babanta ya zauna kusa da ita.

"Wannan kukan na usur ne, ko na Lukmanu?"

Sai ta tuna yadda Lukmanu yake riga kowa zuwa fili, rigarsa har gwiwa. Yanzu saboda ita zai rasa abin da ya fi so.

"Baba, ka raka ni gidansu."

Da suka je, ta durƙusa a gaban Maman Lukmanu.

"Mama, ba laifin Koci ba ne, ba kuma na karate ba. Ni ce na rage lokacin ɗumama jiki, don a tafa mini. Don Allah ki yafe mini."

Maman Lukmanu ta dube ta.

"Na yafe miki," in ji ta. "Zancen komawarsa kuwa, sai na yi tunani."

Tun daga ranar, yarinyar ke ɗaukar wa Lukmanu jakarsa zuwa makaranta. Idan ya gaji, ta tsaya ta jira shi. Ba ta fasa ko sau ɗaya ba.

Bayan mako uku, sai ga Lukmanu a fili, mamarsa na biye da shi. Koci Christina ta ciro usur.

"Mamarsa ce ta ce a sake gwada ki. Ungo."

Maman Lukmanu ta zauna a benci, ta ɗaga wayarta tana duba lokaci. Yarinyar ta busa usur. Aka yi gudu, aka yi tsalle, aka miƙa ƙafa.

"Anti, na gaji!" in ji Lukmanu.

"Saura minti uku, Oga Lukmanu. Ko ɗaya ba za mu rage ba."

Maman Lukmanu ta duba waya, ta fashe da dariya. "Wallahi uku ne cif!"

Koci Christina ta dafa kafaɗar yarinyar.

"Yau na ga koci," in ji ta.

A ranar yarinyar ta gane cewa koci na gaskiya ba tafi yake nema ba. Lafiyar waɗanda aka ba shi amana ita ce a gabansa.